Badujalar 'Yan Sanda da Algaita Mai Salka a Ƙasar Hausa

Badujala ita ce sunan da Hausawa suka ba kiɗan fareti, watau kiɗan da soja ko 'yan sanda ke yi da ganguna da begila da sauran kayan busa na tagulla, suna tafiya sahu-sahu da taku ɗaya. A cikin kayan busan da Turawan Ingila suka yaɗa a ƙasashen da suka mallaka akwai guda wanda ya fi sauran jan ido, shi ne abin busa na mutanen Sikotilan, wanda a wannan takarda za a kira shi algaita mai salka, gama yana da jakar fata mai kama da salkar ruwa wadda mabushi ke matsewa a hammata. Abin da ya sa batun ya cancanci nazari shi ne wani al'amari da kowa ya sha gani amma ba a cika tsayawa a yi tunani a kansa ba. Talakan da ya saba ratsewa idan ya hango ɗan sanda a hanya, shi ne kuma za a gani yana turereniya don ya matso kusa da shi ranar fareti, in dai ɗan sandan nan yana rataye da ganga. Ba za a gane dalilin wannan ba sai an fara duba irin kunnen da badujala ta tarar a ƙasar Hausa.

Tun kafin zuwan Turawa kayan kiɗa da busa suna da daraja hawa-hawa kamar yadda mutane suke da ita. Tarihin sarakunan Kano ya lissafta kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Daga zamanin nan kakaki ya zama abin sarki, ba a busa wa attajiri kome yawan dukiyarsa. Haka tambari, wanda bugunsa ke cikin alamun naɗin sarauta. A ƙasa da waɗannan akwai algaita da kotso da taushi, waɗanda hakimai da wasu masu sarauta ke da rabo a ciki, sa'an nan kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, kowace sana'a da nata. Saboda haka mutum na iya zama a cikin ɗakinsa, ya ji amo daga nesa, ya san ko wane irin mutum ne ke wucewa. Ko masu jihadi, da suka tsananta wa kaɗe-kaɗen fada, ba su rufe ƙofar duka ba. A cikin Kitab al-Farq, littafin da ake dangantawa ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Mervyn Hiskett ya buga tare da fassarar Ingilishi a 1960, an zargi sarakunan Haɓe da shagala da kiɗa, amma an halatta buga ganga don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna, ko sanar da tashinta da saukarta, ko sanar da zuwan idi. Wannan rarrabewa tsakanin kiɗan wasa da kiɗan aiki tana da muhimmanci ƙwarai ga abin da zai biyo baya, domin a ɓangare na biyu ne badujala ta sami mazauni.

Mutanen ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, inda garin Kiyako yake, sun san kiɗan aiki fiye da yawancin Kanawa. A ƙarni na 19 ƙasarsu tana bakin iyakar Kano ta kudu maso gabas, tana fuskantar duwatsun Ningi, kuma hare-haren Ningawa sun dami wannan sashe ƙwarai, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, daga 1855 zuwa 1882. A irin wannan wuri amon ganga ko ƙaho da dare umurni ne, a tashi ko a shige cikin ganuwa. Ga kuma duwatsu masu amo na Birnin Kudu, kusa da kogunan da ke da zanen shanu na mutanen da, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Wannan wani zance ne daban, amma yana nuna cewa ƙasar ta daɗe da sanin amo mai kai saƙo.

To, a nan akwai wani abu na ilmin harshe wanda shi ne ginshiƙin zancen. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana ɗauke da karin sama ko na ƙasa ko faɗau, kuma wasula suna da tsawo da gajarta. Saboda haka abin kiɗa ko na busa da zai iya hawa da sauka, ya ja ya gajarta, yana iya kwaikwayon magana har mai sauraro ya fahimta. Kakaki ba shi da muryoyi da yawa, galibi biyu ne, amma biyun nan sun ishe shi ya ambaci sarki. Kalangu da kotso sun fi shi baki, algaita kuwa ta fi su duka. Abin da suke faɗa shi ne take da kirari, kuma take na mutum ne takamaimai ko na sarauta takamaimiya. Watau kiɗan fada kullum yana kiran suna, yana ambaton uba da kaka, yana tuna wa jama'a cewa wannan da ke bisa doki ɗan wane ne. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, sun nuna yadda wannan tsari ya ratsa ko'ina a rayuwar Hausawa. Badujala ba ta kiran sunan kowa. Muryarta an tsara ta ne bisa ma'aunin taku, hagu da dama, ba bisa karin kalmomi ba. Gwamna in ya tafi wani ya zo, abin da aka busa wa na jiya shi za a busa wa na yau, ba a sake ko gaɓa ɗaya ba. Wannan baƙon abu ne ga kunnen Bahaushe na farkon ƙarni na 20, kuma a ganin da ya fi ƙarfi, shi ne darasi na farko da talaka ya samu cewa akwai wata hukuma mai suna gwamnati wadda ba ta da uba balle kaka.

Kafin a ci gaba ya kamata a tsaya kaɗan a kan algaita mai salka, domin dangantakarta da algaitar Hausa ta wuce kamannin murya. Kalmar algaita daga Larabcin Magrib ta zo, inda ake kiran irin wannan abin busa gaiɗa, sa'an nan Hausa ta haɗiye harafin ta'arifi na Larabci ya zama sashen kalmar, kamar yadda ta yi a alƙali da albasa da aljihu. A can arewacin Sifen kuwa, a lardin Galisiya, gaita shi ne sunan abin busa mai jakar fata. Masana sun yi saɓani kan inda kalmar ta faro, wasu na kai ta ga wata tsohuwar kalmar Turai mai nufin akuya, amma kusancin sunayen biyu a fili yake. Aikinsu ma ɗaya ne. Dukansu suna samun murya ne daga wani ɗan kara mai leɓe biyu da iska ke kaɗawa, kuma dukansu ba su son murya ta yanke. Mai algaita yana cika kumatunsa da iska, yana shaƙar numfashi ta hanci alhali kumatun na ci gaba da turawa, shi ya sa ake ganinsu a kumbure kamar za su fashe. Mutumin Sikotilan ya ɗora wa fatar tunkiya aikin da Bahaushe ya ɗora wa kumatunsa. Yana hura jakar ta wani bututu, yana matse ta da hannu, iska na fita ta bututu uku da ke jingine a kafaɗarsa masu gunji ɗaya ba sauyi, da kuma na huɗu a ƙasa mai ramuka takwas, wanda yatsu ke sarrafawa su fitar da muryoyi tara. Ba abin mamaki ba ne da Turawa matafiya suka riƙa kwatanta algaitar fada da abin busa na ƙasarsu.

Asalinta na yaƙin kabilun tsaunukan Sikotilan ne, daga nan ta shiga sojan Ingila, inda a 1854 aka amince da mabusanta a matsayin ma'aikata na musamman a rundunonin mutanen tsaunuka. Shigarta aikin 'yan sanda ya biyo baya da shekara talatin ko kusa da haka. 'Yan sandan birnin Edinbara sun kafa ƙungiyarsu a farkon shekarun 1880, na garin Govan kuma, kusa da Gilasgo, a 1883, kuma waɗannan suna cikin ƙungiyoyi na farko irinsu da aka yi a wajen bariki. Govan gari ne na maƙeran jiragen ruwa, cike da leburori, irin wurin da ɗan sanda ba ya rasa abokan gāba, kuma ƙungiyar ta zama hanyar da jama'a ke ganinsa a wani hali da ba na kamu ba. Da aka haɗe Govan da Gilasgo a 1912 sai ta ɗauki sunan birnin, a 1975 kuma ta koma Strathclyde, kuma da wannan suna ta ci gasar duniya shekara shida a jere, daga 1981 zuwa 1986. Ta hanyar sojan Ingila ne abin busan ya kai Indiya da Pakistan da Urdun da Oman da Hongkong, har ya zamana birnin Sialkot na Pakistan yana cikin wuraren da suka fi ƙera shi a duniya. A Nijeriya ma ana ganin mabusansa a manyan faretin ƙasa a Abuja.

Hanyar da badujala ta bi ta iso Arewa ta faro ne daga bakin teku, kuma abin lura shi ne Hausawa ne suka fara ɗaukar ta. A 1863 John Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko, yawancinta Hausawa ne da suka kuɓuta daga bauta, aka riƙa kiranta Hausawan Glover. Irin waɗannan mayaƙa sun je yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma a 1879 aka tsara su da sunan rundunar tsaro ta Hausawa. A lokacin babu wani bambanci mai ƙarfi tsakanin soja da ɗan sanda, mutum ɗaya ne ke yin aikin biyu. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903 da Sakkwato a watan Maris. Daga barikokin nan ne Hausa ta sami tarin kalmomi irin su soja da fareti da begila da kofur da saje da samanja da hafsa da kurtu, kowacce an yi mata gyaran da bakin Bahaushe ke bukata, an tsaga baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, an rufe ƙarshe da wasali. Begila ita ce agogon bariki, ita ke ta da mutane, ta kira su abinci, ta sauke tuta da magariba, kuma unguwannin da ke maƙwabtaka da bariki sun koyi sanin lokaci da ita kamar yadda suka san shi da kiran salla. A 1930 aka haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya ta Nijeriya.

Amma talakan Arewa bai cika haɗuwa da waɗannan ba, gama aikinsu ya fi yawa a Kaduna da unguwannin Turawa da sabon gari da layin dogo. Wanda ya sani shi ne dogari mai jar riga, daga baya kuma ɗan doka. Tun daga tsakiyar shekarun 1920, da Kano a gaba, Turawa suka shiga sake fasalin masu tsaron En'e, aka ba su kaki da albashi da horon fareti, aka bar dogarai da hidimar fada. Don a ɗaga darajar aikin sai aka riƙa ɗora 'ya'yan sarakuna a kansa. Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokar Katsina tun 1929, kafin ya zama sarki a 1944, Ado Bayero kuma ya riƙe muƙamin Wakilin Doka na Kano daga ƙarshen shekarun 1950 har 1962, ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. Inda aka yi fareti kuwa dole a yi ganga da begila, saboda haka badujala ta shiga ƙofar fada ta hannun 'yan doka. A manyan taruka, irin hawan daba da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, kiɗan biyu sun tsaya a fili ɗaya, kakaki na ambaton sarki da sunansa, begila na gaida tuta. Mai wayo a cikin 'yan kallo ya isa ya gane wanne ne ke buɗe taro, wanne ne ke jira.

Sauyin da ya fi zurfi ya faru ne ga shi kansa makaɗin. M. G. Smith, a cikin nazarin da ya buga a 1957 kan roƙo a ƙasar Zazzau, ya bayyana yadda maroƙi yake a can ƙasa cikin jerin sana'o'i, ana jin tsoron bakinsa, ana yi masa kyauta, amma ba a son haɗa zuri'a da shi. Sana'ar gādo ce, abincinta kuma yana hannun ubangida. Ɗan badujala ya karya wannan duka. Bai gāji ganga ba, an koya masa ne a bariki. Ba ya roƙo, ba ya zambo, ba ya jiran riga ko doki, ƙarshen wata yana karɓar albashi kamar malamin asibiti, yana da igiya a hannun riga da fansho a gaba. Ba a kiransa maroƙi, kuma ba wanda zai hana shi 'yarsa don yana busa. A karo na farko aka sami Bahaushe mai cin abinci da kiɗa wanda al'umma ke lissafa shi cikin ma'aikata. Malaman da ke ƙyamar kiɗa ma sun fi sassauta masa, domin abin da yake yi ya fi kama da gangar tara runduna da littattafan jihadi suka yarda da ita.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan ya wanke 'yan doka a idon mutanen karkara. A gunduma irin Birnin Kudu ko Gwaram, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin En'e ta Kano, ɗan doka shi ne mai rakiyar masu karɓar haraji da jangali, shi ne mai tisa ƙeyar wanda alƙali ya ɗaure. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950 sai ya zama kuma mai watsa taron siyasa da kama 'yan hamayya, abin da ya bar tabo mai wuyar warkewa a ƙasar Kano. Badujala kuwa abin birni ce. Manomin Kiyako yakan ji ta ne in ya je kallon Salla, ko wani babba ya zo rangadi, ko kuwa a bakin mazan jiya da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 suna ba da labarin fareti. Saboda haka kulki ne ya san shi kullum, ganga kuwa sai shekara-shekara. Hukuma ta san amfanin wannan rana ɗaya, shi ya sa ba ta taɓa yin wasa da ita ba, amma rana ɗaya ba ta biyan bashin sauran.

Daga 1966 badujala ta sami wata ma'ana da ba wanda ya shirya mata. Juyin mulkin soja ya koya wa 'yan Nijeriya cewa in aka kunna rediyo da asuba aka ji kiɗan fareti ba ƙaƙƙautawa a maimakon labarai, to gwamnati ta faɗi ko tana tangaɗi. Haka aka yi a 1975, da ranar 13 ga Fabrairu 1976 da aka kashe Janar Murtala Muhammed, da 1983, da 1985. Kiɗan da ba ya kiran sunan kowa ya dace ƙwarai da sa'o'in da ba a san sunan mai mulki ba tukuna. A cikin wannan zamani ne kuma gwamnatin soja ta rushe 'yan doka, tsakanin 1968 da farkon shekarun 1970 aka zuba waɗanda suka cancanta cikin 'yan sandan Nijeriya, aka karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Sarakuna suka koma da dogarai da kakaki kaɗai, badujala ta bi gwamna. Irin wannan ya sami Sikotilan ma daga baya, sa'ad da aka narkar da rundunoninta takwas suka zama ɗaya a 2013, kuma tsohuwar ƙungiyar Edinbara ta watse gab da haɗewar. Ƙungiyar kiɗa tana rayuwa ne da sunan garinta, in an ɗauke sunan sai ta yi rauni.

Duk da haka a bayan haɗewar ne badujalar 'yan sanda ta yi aikinta mafi girma. Benedict Odiase, wanda ya shiga aikin ɗan sanda a 1954 ya kai ga shugabancin sashen kiɗa na rundunar, shi ne ya tsara muryar taken ƙasa da aka fara amfani da shi a 1978, wanda aka yi ta rerawa a kowace makaranta har watan Mayu na 2024 da aka koma ga taken 1960. Kalmar da Hausa ta zaɓa a nan abin dubawa ce. Ba ta ce waƙar ƙasa ba, ta ce taken ƙasa, watau ta ɗauki kalmar da ke nufin kiɗan da ake yi wa mutum ɗaya don a motsa shi, ta ɗora wa Nijeriya, sai ka ce ƙasar wani basarake ce mai makaɗa. Ta haka harshe ya mai da baƙon kiɗa cikin tsohon tsari, ya nemo masa ubangida.

Malaman makarantun horon malamai sun fi kowa sanin inda badujala ta fi yin saiwa, gama ta hannunsu ta bi. Daga faretin Ranar Daular Ingila da ake yi 24 ga Mayu a zamanin Turawa, zuwa na ranar yara 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba, kowace makaranta mai ji da kanta ta so ta mallaki ganguna da begila, kuma sau da yawa tsohon soja ko tsohon ɗan sanda ne ke koyarwa. 'Yan sikawut suka ɗauka, 'yan agajin ƙungiyoyin addini suka ɗauki kaki da taku, ɗaliban Islamiyya kuma suka shigar da ganguna irin na fareti cikin zagayen Mauludi. Tun da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kudu da Gwaram suka koma masarautar Dutse, babban filin fareti ya matso kusa da mutanen Kiyako, ba sai sun bi hanyar Wudil zuwa Kano ba.

Algaita mai salka ita kaɗai ce ba ta bi sauran zuwa makarantu ba, dalilin kuwa na sana'a ne. Ganga maƙeri da baduku na gari suna iya yin ta da gwangwani da fatar akuya, begila kuma in an saya tana shekara ashirin ba ta nemi kome ba sai gogewa. Ita kuwa salkar fatar tunkiya tana bukatar a riƙa shafe cikinta don kada ta yi yoyo, kuma 'yan karan da ke ba ta murya an yanke su ne don ƙasa mai laima, da hunturu ya busa sai su bushe su ƙi magana. Tun daga shekarun 1980 aka fara yin jakar da 'yan karan gunjin da roba da zaren masana'anta, abin da ya sauƙaƙa riƙonta a ƙasashe masu zafi, amma har yanzu daga waje ake sayo ta, kuma koyonta na cin watanni kafin a ba ɗalibi jakar ma ya saɓa.